Kasuwanci, akanta ko kimiyyar kwamfuta: me ke cikin kowanne a babbar sakandare?

Uwar ɗaliba:

Assalamu alaikum malamai. 'Yata za ta shiga babbar sakandare, an ba su takardar zaɓen darussa. Ban da darussan dole, an ce ta ɗauki biyu cikin uku: kasuwanci, akanta da harkar kuɗi, sai kimiyyar kwamfuta. Ita ta kafe a kan kwamfuta, ni kuma ina zargin don ta iya latsa waya ne take ganin ta gama da kwamfuta. A lissafi tsaka-tsaki ce, ba ta faɗuwa, ba ta kuma cikin na gaba-gaba.

Ina neman wanda ya san abin ya faɗa mini me ake koyarwa a zahiri a kowanne, ina yara suka fi tuntuɓe, wane kaya za ta buƙata, kuma waɗanne biyu suka fi tafiya tare. Don Allah ban da "kowanne yana da kyau", wannan an riga an faɗa mini.

Malamin akanta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in ɗauki akanta, don shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Ana cewa sai gwanin lissafi, alhali lissafin da ke ciki bai wuce tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da kaso cikin ɗari ba. Abin da ke kayar da yara shi ne tsari: sanin inda kowace lamba za ta zauna da dalilin zamanta a wurin.

Darasin gaba ɗaya a kan jimla ɗaya ya tsaya: kadara daidai take da jari a haɗa da bashi. Duk abin da kasuwanci ya mallaka, ko dai mai shi ne ya zuba, ko na wani ne da ke binsa. Daga nan aka samu ƙa'idar shigarwa sau biyu, wato kowace hulɗa a rubuta ta wuri biyu, debit a hagu, kiredit a dama, adadin kuma ya zo ɗaya. Tsohuwar hanya ce, Luca Pacioli ya buga bayaninta a birnin Venis na Italiya tun 1494, shi ma abin da ya tarar fatake suna yi ne ya rubuta.

Ga irin aikin da za a ba ta a zangon farko. Mutum ya fara kasuwanci da jari 50,000. Ya sari kaya na 30,000 kuɗi hannu. Ya sayar da rabin kayan a kan 22,000, amma bashi. Ya biya haya 4,000. Za ta buɗe wa kowanne asusunsa a laja, wato babban littafin asusu: kuɗin hannu, jari, saye, sayarwa, haya, da sunan wanda ya ci bashin. Idan ta rufe su, hagu zai nuna kuɗin hannu 16,000, saye 30,000, bashin da ake bi 22,000, haya 4,000, jimla 72,000. Dama zai nuna jari 50,000 da sayarwa 22,000, jimla 72,000. Wannan jerin shi ne gwajin daidaito, kuma idan ɓangarorin biyu suka zo ɗaya, an tsallake siraɗin farko.

A wajen fitar da riba ake yawan zubewa. Yaro zai ɗauki 22,000 ya cire 30,000 ya cire 4,000, ya rubuta faɗuwar 12,000. Ya manta rabin kayan, na 15,000, yana nan ba a sayar ba. Daidai shi ne a cire ragowar kaya daga saye tukuna, kuɗin kayan da aka sayar ya zama 15,000, ribar farko 7,000, a cire haya, tsantsar riba 3,000. Ki kuma duba wani abu: mutumin ya ci ribar 3,000, amma kuɗin da ke hannunsa ya sauko daga 50,000 zuwa 16,000. Yarinyar da ta fahimci dalilin wannan a aji ɗaya ta riga ta san abin da manya da yawa ba su sani ba.

Sai ruɗanin debit da kiredit. Saƙon banki yana cewa an yi maka kiredit idan kuɗi ya shigo, littafin makaranta kuma yana cewa kuɗin da ya shigo debit ne. Duka gaskiya ne. Banki daga nasa ɓangaren yake rubutu, kuɗinka a wurinsa bashi ne da kake binsa. Idan malami bai warware wannan a makon farko ba, yaro zai yi ta juya shigarwa har ƙarshen shekara.

Idan gwajin daidaito ya ƙi zuwa ɗaya, akwai hanyar farauta, ba a komawa farko a makance. A fara fitar da bambancin. Idan 9 ta raba shi ba saura, ana zargin an juya lambobi, misali an rubuta 450 a maimakon 540, bambanci 90. Idan ba haka ba, a raba bambancin biyu a nemi wannan adadin, don abin da aka sa a ɓangaren da ba nasa ba yana fitowa ninki biyu. Sai a nemi bambancin kansa, ko an shigar da shi gefe ɗaya an manta ɗayan. Amma ta sani akwai kurakuran da gwajin ba ya kamawa: hulɗar da ba a rubuta ba sam, wadda aka sa a sunan wani maimakon wani, injin da aka saya aka shigar da shi a asusun kayan sayarwa, ko kuskure biyu da suka rufe wa juna asiri. Masu jarrabawa suna son wannan tambayar ƙwarai.

A shekara ta biyu da ta uku za a zo kan raguwar darajar kadara, daidaita littafin kuɗi da takardar banki, asusun haɗin gwiwa, da asusun kamfani. Raguwar daraja hanya biyu ce. Inji na 120,000 da zai yi shekara 5 a sayar da shi 20,000, a hanyar bai-ɗaya ana cire 20,000 duk shekara. A hanyar kaso, in an ce kashi 20, shekarar farko 24,000 ce, ta biyu 19,200, don daga ragowar 96,000 ake lissafawa. Yara suna komawa kan 120,000 a shekara ta biyu, nan maki ke tafiya.

Darasi ne mai hawa-hawa, wanda ya rasa mako uku na farko sai ya koma ya cike, ba a tsallake. Kayan aiki kuwa ba wani abu: littafin laja mai layuka, rula, fensir da kalkuleta. Tambaya biyu ko uku a kullum ta fi zaman awa huɗu ranar jajiberin jarrabawa.

Ra'ayina: akanta da kwamfuta.

Malama mai koyar da kwamfuta:

'Yar'uwa, zarginki yana kan hanya. Iya waya daban, kimiyyar kwamfuta daban. Kafin komai ki tambayi makarantar wanne suke koyarwa, don abu biyu ne ake kira da suna kusan ɗaya. Akwai koyon amfani da kwamfuta: buga rubutu, Word, Excel, imel, bincike a intanet. Akwai kuma kimiyyar kanta: yadda na'ura ke ajiye bayani, yadda ake tsara matakan warware matsala, da rubuta manhaja. Ki nemi jerin abin da za a koyar a rubuce. Idan kika ga algoridim, wato matakan warware matsala, lissafin sifili da ɗaya, da sunan wani yaren furogiramin, to na biyun ne.

Yawanci ana farawa da sifili da ɗaya. Za ta koyi cewa 13 ana rubuta ta 1101, wato 8 da 4 da 1, cewa kowane sifili ko ɗaya ana kiransa bit, bit 8 ne bayit ɗaya, kuma bayit ɗaya yana ɗaukar ƙima 256 daban-daban. Haruffa ma lambobi ne: a tsarin ASCII babban A shi ne 65, ƙaramin a 97. Tsarin nan gurbi 128 kawai gare shi, babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ a ciki, sai a babban tsarin haruffa na Unicode aka ba su gurbi, kuma a UTF-8, wata hanyar ajiye shi, kowannensu bayit biyu yake ci. Shi ya sa wani lokaci kike ganin rubutun Hausa ya rikiɗe ya koma alamomin tambaya ko akwatuna, wata manhaja ce ta karanta shi da tsarin da ba nasa ba. Daga nan sai ƙofofin hankali, AND, OR da NOT, da teburin gaskiya da ƙarya. Wannan ɓangaren da takarda da biro ake yinsa, kuma mai lissafi tsaka-tsaki yana iya shi sarai.

Zuciyar darasin ita ce algoridim. Misali, a ce ta nemo suna ɗaya cikin jerin sunaye 1,000,000. Idan ta bi ɗaya bayan ɗaya, tana iya duba duka miliyan ɗin. Idan jerin a tsare yake bisa haruffa, sai ta buɗe tsakiya, ta yar da rabin da sunan ba ya ciki, ta sake buɗe tsakiyar ragowar. Ba za ta wuce dubawa 20 ba, don 2 a ninka ta da kanta sau 20 ta haura miliyan. Yarinyar da wannan ya burge ta, ta ce "kai, ashe haka ne", darasin nata ne. Wadda ta ce "to sai me", a sake tunani.

Wajen rubuta manhaja, makarantu da yawa suna farawa da Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, inda ake jera umarni kamar tubala ba tare da bugawa ba. Daga baya a koma yaren Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Abubuwan da za ta riƙe ba su da yawa: mazubin ajiye ƙima, sharaɗi, maimaici, jeri, da fankishin, wato dunƙulen umarni mai suna da ake kira idan ana buƙata. Ga guntun da ya haɗa darasinmu da na Malam:

    kudi = 100000
    for shekara in range(1, 4):
        kudi = kudi * 1.10
        print(shekara, round(kudi))

Zai fitar da 110000, 121000, 133100, kowanne da lambar shekararsa a gabansa. Layi huɗu ne, amma kusan duk ramukan masu koyo suna ciki. range(1, 4) a 3 yake tsayawa, ba ya taɓa 4, kuma wanda yake son shekara uku ya rubuta range(1, 3) zai samu biyu. Tazarar da ke gaban layi na uku da na huɗu ba ado ba ce, ita ke nuna suna cikin maimaicin. A janye layin print zuwa bakin hagu, sakamako ɗaya tak zai fito, na ƙarshe. Sannan Kudi da kudi sunaye biyu ne a wurin Python.

Sauran ramukan: ƙirgar jeri daga 0 take farawa, don haka abu na biyar yana gurbi na 4. Alamar = ɗaya zubawa ce, == biyu tambaya ce. Duk abin da aka karɓa ta input rubutu ne, idan mutum ya buga 5 da 3 aka haɗa ba a mayar da su lamba da int ba, 53 za ta fito, ba 8 ba. Akwai kuma wanda ke ba masu harkar kuɗi mamaki: ki sa Python ta tara 0.1 da 0.2, za ta ba ki 0.30000000000000004, saboda ɗaya bisa goma ba ta rubutuwa daidai da sifili da ɗaya, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ta ƙarewa a lissafinmu. Shi ya sa masu rubuta manhajar kuɗi suke ƙirga da mafi ƙanƙantar sulalla a matsayin cikakkiyar lamba, ko su yi amfani da decimal, wani sashe na Python da ke lissafi da goma-goma irin namu.

Halin da ake buƙata shi ne haƙuri da kuskure. Manhaja ba ta cika tashi a gwajin farko ba. Jan rubutun da ke fitowa ba zagi ba ne, a karanta layinsa na ƙarshe, shi ke faɗin irin kuskuren, na samansa kuma lambar layin da abin ya faru. Yara suna rufe shi ba su karanta ba, ko su kwafa su kai wa manhajar hira ta gyara musu. Gyaran zai zo, amma ranar jarrabawa takarda za a ba ta a ce ta bi manhaja layi-layi ta rubuta ƙimar kowane mazubi a tebur, nan ne mai kwafe yake tsayawa cak.

Abu na ƙarshe, ki je ki ga ɗakin kwamfutar da idonki. Ki tambayi na'ura nawa ke aiki, yara nawa ke zama a kan ɗaya, sau nawa suke shiga a mako. Idan yara huɗu ne a kan na'ura ɗaya, ɗaya ne ke koyo, uku 'yan kallo ne.

Tsohon odita:

Allah ya gafarta malam, na yarda da bayaninka na laja, amma ka yi wa kasuwanci rowa, ko ambatonsa ba ka yi ba. Hajiya, ga abin da ke ciki: nau'o'in kasuwanci, daga na mutum ɗaya zuwa haɗin gwiwa zuwa kamfani mai iyakantaccen alhaki, sai saye da sayarwa na gida da na ƙetare, sufuri, ajiyar kaya, inshora, banki, talla, da ɗan abin da ya shafi kwangila da haƙƙin mai saye. Gaskiya ne rabinsa bayani ne, kuma a hannun malamin da ba ya so ya wahala yana komawa haddar "fa'idoji biyar, illoli biyar". Amma inda ake koyar da shi da lambobi, yana ba da abin da akanta ba ya bayarwa. Akanta yana faɗa miki abin da ya riga ya faru, kasuwanci yana sa ki yanke shawara kafin ya faru.

Misali, matakin ba riba ba faɗuwa. Akwai kuɗin da za a kashe ko an sayar ko ba a sayar ba, irin haya da albashi, a ce 60,000 a wata. Ana sayar da abu ɗaya 500, yana cin 300 kafin ya kai hannun mai saye, saura 200. A raba 60,000 da 200, sai an sayar da guda 300 kafin a fara maganar riba. Yanzu mai kayan ya ce zai yi rangwamen kashi 10 don ya ja masu saye. Farashi ya koma 450, abin da ke saura a kan kowanne ya koma 150, sai ya sayar da 400 kafin ya tsaya inda yake a da. Rangwamen kashi 10 ya jawo buƙatar ƙarin ciniki na kashi 33. Ɗalibin da ya yi wannan lissafin sau biyar da hannunsa ba zai ƙara kallon rangwame da ido ɗaya ba.

Wani wurin da ake ruɗewa: an sayo 80 an sayar 100. Ribar 20 ce, amma kashi nawa? A kan kuɗin saye kashi 25 ce, a kan kuɗin sayarwa kashi 20. Tambayar jarrabawa tana faɗin wanne take nufi da kalma ɗaya, yaro mai gaggawa ba ya ganinta. Haka nan abin da ya hau da kashi 20 ya sauko da kashi 20 bai koma inda yake ba: 100 ta zama 120, ta sauko 96.

Ɓangaren harkar kuɗi shi ne na fi so kowane yaro ya samu, ko me zai karanta gaba. Guntun da Malama ta rubuta shi ne ruwa a kan ruwa: 100,000 a kashi 10 na shekara 3 ya zama 133,100, ba 130,000 ba, don ƙarin kowace shekara yana hawa kan na baya. Ko wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa yana buƙatar wannan lissafin, da shi ake auna hauhawar farashi da bunƙasar jari, da shi kuma ake gane tarko. A raba 72 da kason, za a samu kimanin shekarun da abu zai ninka: a kashi 12, shekara 6. Juya shi, idan farashi yana hawa da kashi 12 a shekara, kuɗin da aka ɓoye zai rasa rabin ƙarfinsa a shekara 6. Wanda jarinsa ya ƙaru da kashi 10 a shekarar da farashi ya hau da kashi 15, ya ga lamba ta ƙaru amma abin da zai iya saya ya ragu da kimanin kashi 4.

Sai dabarun masu ba da rance. "Kashi 3 kacal a wata" idan yana hawa kan kansa ya kusa kashi 43 a shekara, ba 36 ba. Rancen 120,000 da aka ɗora wa kashi 10 a dunƙule, wato 12,000, ana biya wata-wata har wata 12, ba kashi 10 ba ne a gaskiya. Mai bashin yana rage uwar kuɗin duk wata, matsakaicin abin da ke hannunsa 65,000 ne, don haka abin da ya biya ya kai wajen kashi 18.

To amma ki bincika: a wasu makarantun wannan ɓangaren yana cikin darasin akanta, a wasu yana cikin kasuwanci, a wasu kuma an tura shi lissafi. Ki duba inda ya faɗa a tasu makarantar kafin ki yanke. Idan yana cikin akanta, ba ni da ja da Malam, domin sauran kasuwanci yarinya mai son karatu tana iya karanta shi da kanta a hutu, laja da furogiramin kuwa suna son mai duba aiki.

Uwar ɗaliba:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Na duba takardar, harkar kuɗi tana cikin akanta, kuma na ga an rubuta Python a ƙarƙashin kwamfuta. Matsalar ita ce babu kwamfuta a gida, waya ce kawai. Dole sai an saya? Kuma akwai yadda zan gwada ta kafin mu mayar da takardar? Mako biyu suka ba mu.

Malama mai koyar da kwamfuta:

Ba dole ba ne a zangon farko. A wayar Android akwai Pydroid 3 da ke tafiyar da Python, akwai Google Sheets don jadawalin lissafi. Abin da ke wahalarwa shi ne bugawa a gilashi, baka da alamomi suna ɓuya, waya kuma tana gyara kalmomi da kanta ta ɓata umarni. Maganinsa kibod na waje, mai Bluetooth ko mai waya ta mahaɗin OTG, a kuma kashe gyaran kalma na kai-tsaye. Da wannan za ta yi wata uku zuwa shida lafiya.

Idan aka zo saye, kada a ruɗe ki da manyan lambobi. Na hannu mai lafiya ya isa. RAM 8GB ya fi kwanciyar hankali, 4GB ma yana ɗaukar Python da jadawali. Ma'ajiyar ta zama SSD, 128GB ko 256GB, don ita ke sa tsohuwar na'ura ta yi sauri fiye da komai. Kafin a biya, a cire caja a ga minti nawa batir ke yi, a buɗe shafin rubutu a danna kowane maɓalli ɗaya-ɗaya, a gwada kowace kafar USB, a duba maƙallan murfi ko sun saki. Katin hoto na masu wasanni ba ta buƙatarsa.

Manhajojin duk kyauta ne. Thonny na fi ba masu farawa, yana zuwa da Python a cikinsa, yana kuma barin yaro ya taka manhaja layi-layi yana ganin ƙima tana canjawa. LibreOffice Calc yana yin aikin Excel a wannan matakin. Ta kuma ba bugun rubutu minti 15 a kullum, yatsu goma, ba kallon kibod, har ta kai wajen kalma 30 a minti. Mai bugawa da yatsa biyu hankalinsa yana kan neman harafi, ba kan matsalar ba.

Ki kuma duba sharuɗɗan shiga jami'o'in da kuke hange tun yanzu. Da yawansu lissafi suke fara dubawa ga mai son kimiyyar kwamfuta ko akanta, wasu har da fiziks ga mai son kwamfuta, kuma samun darasin kwamfuta a sakandare ba ya rufe gurbin lissafi mai rauni. Tsaka-tsakin nan nata yana son a ɗaga shi, musamman aljabara da kaso cikin ɗari.

Malamin akanta:

Hajiya, gwajin da zai nuna miki duka biyun a zama ɗaya shi ne jadawalin lissafi, don nan akanta da kwamfuta suka haɗu. Asalinsa ma haka ne: VisiCalc, wani jadawalin lissafi na kwamfuta wanda ya fito a 1979, Dan Bricklin ya ƙirƙiro shi yana ɗalibin kasuwanci a jami'ar Harvard, tare da Bob Frankston.

Ki ba ta wannan a Google Sheets. Ginshiƙin A sunan kaya, B adadi, C farashin ɗaya, D jimla. Ta cika layi goma da lambobin da ta ga dama. A D2 ta rubuta =B2*C2 ta ja shi ƙasa har D11, a D12 ta rubuta =SUM(D2:D11). Sannan ki ce ta sa kason rangwame a gurbi ɗaya, G1, ta rubuta 0.1, ta fitar da rangwamen kowane layi a ginshiƙin E. Za ta rubuta =D2*G1 ta ja ƙasa, layin farko zai yi daidai, sauran duk su fito sifili. Kada ki faɗa mata dalili. Dalilin shi ne da ta ja, G1 ta koma G2, G3, gurabun da ba komai a ciki, kuma gyaran shi ne $G$1, alamar da ke ɗaure gurbin kada ya motsa. Abin da za ki lura da shi: ta danna E3 ta karanta abin da ke ciki, ko ta ajiye wayar ta ce ta lalace? Idan ta duba, ko da ta ɗauki rabin awa kafin ta gano, tana da halin da darussan biyu ke nema.

In ta wuce wannan, ki ɓata mata abu ɗaya a ɓoye: ki sa alamar ' a gaban wata lamba a ginshiƙin D, ki buga adadin da hannu. Lambar za ta koma rubutu, ta jingina hagu maimakon dama, SUM kuma ya tsallake ta ba tare da ya yi ƙorafi ba. Ki ce mata jimlar ba daidai ba ce, ta nemo inda ta ɓace.

A mako na biyu ki ba ta misalin 50,000 da na kawo a sama, a takarda, ba tare da amsar ba. Ki ce ta faɗa miki abu biyu kawai: nawa ya rage a hannun mutumin, kuma riba ya ci ko faɗuwa. Ba a koya mata laja ba tukuna, don haka kada ki damu da hagu da dama. Ki saurara ko za ta tambaye ki ina sauran rabin kayan.